Saƙon godiya bayan zaman tunawa da Koci Ed Temple a Nashville

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana ranar lafiya, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya, ina rubuta wannan saƙo a madadin iyalina domin in gode wa duk waɗanda suka amsa gayyatarmu ranar Asabar da ta gabata, suka zo zaman da muka shirya wa 'ya'yanmu mata a kan rayuwar marigayi Ed Temple, kocin guje-guje da tsalle-tsalle na mata a Jami'ar Jihar Tennessee. Mun zaɓi watan Satumba da gangan, domin a cikinsa aka haife shi, ranar 20 ga wata a shekarar 1927, a cikinsa kuma ya rasu, ranar 22 ga wata a shekarar 2016, kwana biyu bayan cikarsa shekara 89. Mun yi zaton iyalai kaɗan za su zo, sai ga shi kujerun da muka tanada sun kasa, har matasa suka miƙe suka bar wa iyaye wuri.

Kafin in shiga ambaton waɗanda suka yi ɗawainiya, ya kamata in bayyana abin da ya sa mutum irina, wanda bai taɓa tsayawa a layin tsere ba, ya ɗauki nauyin tara jama'a a kan wani koci. 'Yata ta fari ta nuna sha'awar gudu tun tana ƙaramar sakandare, ni kuwa na hana ta har tsawon shekara biyu. Ina tsoron karatunta zai lalace, ina tsoron tafiye-tafiyen gasa, kuma ina ganin filin wasa ba wurin da zan miƙa amanar 'ya mace ba ne. Ba ta yi mini musu ba, amma na ga walwalarta ta ragu, gidan ma ya yi mana nauyi. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa baƙar fata da ta yi karatu a wannan jami'a a zamanin da Temple ke kan aiki, ita ce ta zaunar da ni wata rana da yamma, ta tambaye ni ko na san mutumin da titin da nake bi kullum yake ɗauke da sunansa. Shekaru na yi ina wucewa ta titin Ed Temple ban taɓa tambaya ba. Abin da ta faɗa mini a ranar, da abin da na bi na karanta daga baya, shi ne ya sauya mini ra'ayi, shi ne kuma na so sauran iyaye su ji da kunnensu.

Don haka godiyata ta farko gare ki ce, Mama maƙwabciyarmu. Kin zo da sandarki duk da ciwon gwiwa, kin yi kusan awa guda kina magana, kuma yaran da muke fama da su kan waya sun yi tsit suna saurare. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, ga kaɗan daga abin da aka ji. Ed Temple ɗan garin Harrisburg ne a jihar Pennsylvania, ya zo Nashville karatu yana ɗan tsere, ya kammala digirinsa a 1950, a shekarar kuma shugaban jami'ar, Walter Davis, ya damƙa masa ƙungiyar 'yan mata. Ba muƙami ne da ake rububinsa ba. An haɗa masa da aikin gidan wayar jami'a, albashinsa dala 150 a wata, kuɗin da aka ware wa ƙungiyar kuwa dala 300 ne. Filin da suke atisaye a kai na burbushin gawayi ne, kuma ko cikakken zagaye bai kai ba. Babu tallafin karatu na 'yan wasa mata a lokacin, saboda haka 'yan matan kan yi aikin sa'o'i a cikin jami'a kowace rana domin a rage musu kuɗin makaranta, sannan su shiga aji, sannan su fita fili. Da wannan hali ya fara, kuma bai bar kujerar ba sai 1994, bayan shekara 44.

Wurin da Mama ta fi daɗewa, inda kuma na ga idanun wasu iyaye sun kawo ruwa, shi ne maganar tafiya gasa. Zamanin wariyar launin fata ne a kudancin Amurka, jami'ar kuma ta baƙar fata ce. Sukan cika motoci masu dogon baya su kama hanya ta sa'o'i masu yawa, ba a yarda su zauna a gidajen abinci na kan hanya ba, ba a yarda su kwana a masaukin fararen fata ba, har banɗakin gidan mai ana iya hana su. Sai su ƙulla guzuri tun daga gida, in buƙata ta kama a tsaya a bakin daji. Waɗannan 'yan mata da ake hana wa ƙofar banɗaki a ƙasarsu, su ne suke sa rigar Amurka a ƙasashen waje ana ɗaga tutar ƙasar saboda su. Sunan ƙungiyar Tigerbelles, wanda ya haɗa damisa, alamar jami'ar, da kalmar da mutanen kudu ke kiran kyakkyawar budurwa mai kamun kai, kuma sun cika sunan ta fuska biyun.

Lissafin abin da suka ciwo ba ya buƙatar ado. 'Yan wasa 40 daga hannunsa sun je gasar Olamfik, sun dawo da lambobin yabo 23, daga ciki 13 na zinare, 6 na azurfa, 4 na tagulla, ƙungiyar kuma ta ci kambin ƙasa sau 34. A Melbourne a 1956, dukkan mata huɗun da suka ciwo wa Amurka tagulla a gudun miƙa sanda na mita 100 sau huɗu ɗalibansa ne, wato Mae Faggs, Margaret Matthews, Wilma Rudolph da Isabelle Daniels. Shekara huɗu bayan haka a birnin Rum aka sake maimaita abin, wannan karon da zinare, ta hannun Martha Hudson, Lucinda Williams, Barbara Jones da Wilma Rudolph. Ƙasa ce mai ɗaruruwan jami'o'i, masu kuɗi da filaye da kayan aiki, amma aka rasa inda za a samo mata huɗu mafi gudu sai a hannun mutum ɗaya da ke raba wasiƙu da safe. Shi ne babban kocin matan Amurka a Olamfik na 1960 da na 1964, an kuma naɗa shi mataimaki a 1980, shekarar da Amurka ta ƙaurace wa gasar Mosko.

Labarin Wilma Rudolph ne yaran suka fi tambaya a kai, kuma ina godiya ga ɗalibarmu ta jami'a da ta shirya shi da hotuna, ta gabatar da shi da Hausa mai daɗi duk da cewa a nan aka haife ta. Wilma 'yar yankin Clarksville ce, tafiyar kamar awa guda daga inda muka zauna, ita ce ta 20 cikin 'ya'ya 22 na mahaifinta. Cutar shan-inna ta kama ta tana ƙarama, ta yi shekaru da ƙarfe a ƙafa, mahaifiyarta na kawo ta asibiti a Nashville a motar haya. Temple ya gan ta ne tana buga ƙwallon kwando a sakandare, a wasan da ya je yi wa alƙalanci, ya gayyace ta horon da yake yi wa 'yan sakandare a lokacin hutun bazara. Tana da shekara 16 ta je Melbourne, a Rum kuma ta ci zinare uku, a mita 100 da mita 200 da gudun miƙa sanda. Da garinsu ya shirya mata tarba, ta ce sai dai baƙi da farare su zauna wuri guda, kuma haka aka yi. A 1963 ta zo Afirka ta Yamma, ta halarci wasanni a Dakar, ta kuma ziyarci Ghana da Gini da Mali da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Mu iyaye da muka taso muna ganin abin da shan-inna ke yi wa yara a unguwanninmu, mun ji wannan labari a wani wuri da 'ya'yanmu ba za su ji shi ba.

Bayanta akwai Wyomia Tyus, wadda ta ci zinaren mita 100 a Tokiyo a 1964 ta sake ci a Meziko a 1968, kuma kafin ita babu namiji ko mace da ya taɓa yin haka sau biyu a jere. Akwai Edith McGuire da zinaren mita 200 a Tokiyo, da Madeline Manning da zinaren mita 800 a Meziko, da Chandra Cheeseborough wadda ta ci zinare biyu da azurfa ɗaya a Los Angeles a 1984, ita ce kuma ta gaje shi a kujerar koci da ya yi ritaya. Mafi yawan wannan aiki an yi shi ne kafin dokar 1972 da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, wato tun babu wata doka da ta tilasta wa kowa ya kula da wasan 'yan mata.

Amma ni, a matsayina na uba, ba zinaren ne ya karya mini taurin kai ba. Abin da ya taɓa ni shi ne yadda ya riƙe amanar 'ya'yan mutane. Yakan je gidan iyaye da kansa kafin ya ɗauki yarinya. Yana da dokar lokacin komawa ɗaki, yana da doka a kan tufafi da kamun kai, wadda ta makara atisaye kuwa za ta zagaya fili sau ɗaya a kan kowane minti da ta makara, kuma an ce Wilma kanta ba ta tsira daga wannan hukunci ba. Shi malamin ilimin zamantakewar ɗan'adam ne a jami'ar, yana bin sakamakon jarrabawar kowace ɗaliba, wadda karatunta ya yi ƙasa ba ta shiga mota ranar gasa, komai saurinta. Kusan dukkan waɗanda suka je Olamfik daga hannunsa sun kammala digiri, da yawansu kuma sun ƙara na biyu, wasu har na uku. Duk abin da nake tsoro a kan 'yata, sai na tarar wannan bawan Allah ya riga ni jin tsoronsa shekaru da dama kafin a haife ni, ya kuma samo masa magani ba tare da ya hana yaran gudu ba. Na san wasu na ganin tsananinsa ya yi yawa, an kuma tayar da wannan magana a zaman, amma ra'ayina shi ne a ƙasar da ake jiran baƙar mace ta yi kuskure ɗaya a yanke wa dukkan 'yan'uwanta hukunci, tsananin nan garkuwa ce ya yi musu.

Birnin Nashville ya karrama shi tun yana raye, da titi, da mutum-mutumin tagulla da aka buɗe a 2015 kusa da filin wasan da ke arewacin tsakiyar gari, kuma an sa sunansa cikin jerin gwarazan Olamfik na Amurka. Na ji daɗi da ya ga wannan da idonsa, domin a shekarun da ya fi buƙatar taimako ba a ba shi ba.

Ina godiya ga malaminmu da ya buɗe zaman da addu'a, ya kuma amsa tambayar iyaye a kan suturar 'yan mata a fili cikin natsuwa da ilimi, ba tare da ya kunyata kowa ba. Ina godiya ga iyaye mata da suka kwana a kan tukunya, suka ciyar da mu waina da miyar taushe da dambun nama, har baƙinmu Amurkawa suka nemi a ƙulla musu. Ina godiya ga 'yan'uwanmu na Nijar da Ghana da Kamaru da suka zo da iyalansu, da waɗanda suka tuƙo mota tun daga Memphis da Clarksville, da matasan da suka ɗauko kujeru suka kuma share wurin bayan an tashi. Kocin makarantar 'yata ta zo duk da ba ta jin Hausa, ta zauna har ƙarshe, kuma ita ce tun farko ta tsaya tsayin daka a kan cewa yarinyar za ta yi gudu da ɗankwalinta da dogon wando, don haka tana da godiya ta musamman daga gidanmu. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, ba raini ba ne.

Uwargidana ta yi haƙuri da ni a shekara biyun nan, tana tsakanin miji da 'ya, ba ta taɓa bari ɗayanmu ya ji ta juya masa baya ba. Allah ya saka mata da alheri. Ke kuma 'yata, na hana ki abin da bai kamata in hana ki ba, kin yi mini biyayya duk da ranki bai so ba, na faɗa miki a gida kuma ina maimaitawa a gaban jama'a cewa ki yafe wa babanki. Allah ya yi miki albarka.

Iyaye shida sun ba da sunayen 'ya'yansu a ƙarshen zaman, kuma mun amince za mu fara haɗuwa kowace Asabar bayan sallar asuba a filin makarantar unguwa, iyaye na zaune a gefe. Kowace yarinya ta zo da takalmin gudu da gorar ruwa da takardar sakamakon jarrabawarta ta ƙarshe. Ni zan riƙe agogo.