Fankokin Rimi da maganar megawat 10

Duk wanda ya ji an ce tashar wutar iska ta Lambar Rimi a Katsina megawat 10 ce sai ya ɗauka kullum wutar da za ta riƙa zubowa ke nan. Ina! Fankoki 37 ne na kamfanin Vergnet na Faransa, kowacce kilowat 275 (kilowat dubu ne megawat ɗaya), to wannan lissafin na ranar da iska ta kaɗa yadda ake so ne kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau. Fanka ba ta fara ba da wuta sai iska ta kai wajen mita 3 zuwa 4 a sakan, in kuma guguwa ta yi yawa fankar da kanta take tsayawa don kar ta karye. Abin da ya fi ba ni mamaki ma, in gudun iska ya ragu da rabi, wutar ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas take komawa. Shi ya sa tasha mai megawat 10 in ta ba ka uku a matsakaici cikin shekara, wallahi ta yi ƙoƙari.

Amma ni fa ban cika ganin laifin iska ba. Ita ana auna ta shekara da shekaru kafin a kafa ko ƙarfe ɗaya, an san lokacin hunturu an san na damina. Inda ake shan kashi wajen wayar ɗaukar wuta ne da gyara. Ku dubi Kenya, tashar tafkin Turkana, megawat 310, fankoki 365, wuri ne mai iska kamar me, an gama kafa su a 2017 amma layin da zai kai wutar Suswa, inda za ta shiga babban layin ƙasar, sama da kilomita 400, bai kammalu ba sai 2018, ƙarshe dai sai da gwamnati ta biya kuɗin wutar da ko ƙwan fitila ɗaya bai sha ba.

Sannan akwai wata matsala da mutane ba su cika sani ba, yawancin fankokin nan bin babban layin wuta na ƙasa suke yi, in layin ya yi rawa sai su cire kansu. A jihar Kudancin Ostareliya ranar 28 ga Satumba 2016 guguwa ta kada turakun wuta, tashoshin iska da dama suka janye kusan lokaci guda saboda yadda aka saita na'urorin kariyarsu, jihar gaba ɗaya ta shiga duhu. Daga baya saitin aka gyara, ba fankokin aka canza ba. To ina ga namu babban layin da ke faɗuwa sau da yawa a shekara ɗaya?

Ita Rimi ma tun Umaru Musa 'Yar'adua yana gwamna aka fara maganarta, aka sace injiniya ɗan Faransa a Disamba 2012 aiki ya tsaya cik. Don haka duk jami'in da ya zo yana faɗa mana megawat, a tambaye shi fankoki nawa ke juyawa yau, in ɗaya ta lalace wata nawa kayan gyara ke yi a hanya, kuma wuta nawa mita ta nuna ta shiga layi bara.