Mako na bakwai: filayar da na samo a Dilimi

'Yan uwa masu koyo, sannunku da ƙoƙari. Wannan makon ko kan RJ45 ɗaya, wato kan wayar intanet, ban dantse ba. Hankalina duk ya tafi kan wata filaya da na saya ranar Asabar a wajen masu tsofaffin ƙarafa a Dilimi. Mai kayan ya ce ta yankan waya ce, don akwai ɗan wurin yanka a gefenta. Amma da na rufe bakinta sai na ga leɓɓanta ba sa haɗuwa. Akwai 'yar matakala a ciki, ko ka matse iya ƙarfinka sai ta bar gibi, saman da ƙasan suna kallon juna a miƙe.

Na kai wa Oga. Ya juya ta sau biyu ya ce, "Yaro, irin wannan ce a aljihun ma'aikatan NITEL zamanin wayar tebur. Ta matse maɓalli ce." Maɓallin da yake nufi shi ne ɗan kwanektan nan mai maiƙo a ciki, wanda kamfanin 3M ya sa wa suna Scotchlok. Mai rawayar hula, UY2, waya biyu yake ɗauka. Mai jar hula, UR2, har uku. Filayar da kamfanin ya yi musu E-9Y ce, tawa kuma siffarta ke nan sak, sai dai tsatsa ta cinye rubutun jikinta.

Idan kun shiga kasuwa, bakin za ku duba, ku ƙyale launin mariƙi. Ta intanet da tarho ramuka ne da ita, an rubuta 8P da 6P. Ta wayar dish raminta mai kusurwa shida ne, wata kuma turawa take daga baya. Krone kuwa, ta cusa waya cikin soket, ba filaya ba ce ma, dannawa ake yi da ita.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a fere wayar. Da robarta za ka tura ta har ƙuryar kwanektan, kana hango ta ta jikinsa tunda garau yake. Idan ka matse, wani ɗan ƙarfe mai tsaga ne zai sauko ya keta robar ya kama tagullar, maiƙon kuma ya cika sauran wurin don kada danshi ya shiga. To a nan amfanin gibin nan yake. Filayar gida kamar almakashi take rufewa, gefen da ke kusa da gindinta yana riga ɗayan sauka, hular ta shige a karkace. Waya ɗaya ta kamu da kyau, ɗayar ƙarfen ya ɗan taɓa ta kawai. Mita za ta yi maka ƙara alamar wayoyin sun haɗu, ka tattara kayanka ka tafi, alhali aikin bai kamu ba.

Ban yarda da jin baki ba, na gwada. Na yanka ragowar wayar intanet ta Cat5e, na yi haɗi goma da filayar gida, goma da ta Dilimi. Duka ashirin sun wuce a mita. Sai na riƙa jan kowace waya da yatsa biyu. A na filayar gida uku suka zare, a ɗaya ɓangaren babu ko ɗaya. Na ɗaga waɗanda suka zare a hasken taga, hular kowanne gefe ɗaya ya tashi kamar kaurin farce. Yanzu duk wanda na matse sai na shafa babban yatsa a kansa, in hular ba ta yi daidai da jikin ba, yanke shi nake in sake sabo. Ba a matse shi sau biyu da fatan ya gyaru.

Dalilin da ya sa na damu haka, a watan Agustan bara na bi wani aiki a Rayfield, intakom daga ƙofar gida zuwa falo. Murɗe wayoyin muka yi muka naɗe da salatif. Ruwan Jos kun san shi. Kafin damina ta fita mai gidan ya kira, wai shuuu kawai yake ji. Da muka warware salatif ɗin, ruwa ne kwance a ciki, tagullar ta yi kore.

Amma kada ku ɗauka maɓallin nan maganin komai ne. Waya mai ƙwaya ɗaya aka yi shi dominta, UY2 daga kaurin milimita 0.4 zuwa 0.9, mai gashi-gashi ba ta zama a ciki yadda ya kamata. Wayar nan mai araha da aka shafa wa tagulla a kan alminiyom, CCA, biyu sun karye mini a bakin ƙarfen. Layin intanet kuwa Oga ya hana ni haɗa shi da su, domin sai ka warware murɗin wayoyin, shi kuma murɗin nan shi ke kare saƙo daga hayaniya. Tarho, intakom, ƙararrawa, a nan suke aikinsu. Wutar NEPA kuma kada ma ku kusantar da su.

Sauran sha bakwai ɗin na ɗaure su a ƙarƙashin indararon ɗakina tun Laraba, na sa wa na filayar gida jan zare. Ranar Juma'a mai zuwa zan kwance su in auna, in Allah ya kai mu.