Aska takwas a bangon littafin lissafi

Talata da dare

Sai yanzu bayan isha'i na samu zama, har yanzu da baƙin gawayi a ƙarƙashin farcena. Uwargida ta ce in ba ta san ni ba sai ta ɗauka maƙera na koma. Tun farkon zango muke jiran fentin da aka ce za a kawo, shiru kamar an aiki bawa garinsu, shi ya sa muka koma daka gawayi da jan ƙasa muna kwaɓawa da ƙaro.

Yau 'yan aji biyar suka kawo aikin da na ba su mako biyu da suka wuce. Cewa na yi kowa ya zana abin da in an gani za a ce daga gidansu ya fito. Cikin yara 41, fiye da rabi dagin Arewa suka kawo mini, kuma da gani ka san daga waya aka kwafo, don har inda layin ya karkace iri ɗaya ne. Ba ni da faɗa da dagi, amma abin da ke jikin hula da ƙofar gida da bayan Keke Napep ba zai gaya mini ko kai ɗan gidan wa ne ba. Wasu sun zana ƙofar fadar Zazzau, wani kuma ɗan ƙwallo ya zana ya ɗora masa rawani. Na yi dariya na ba shi makinsa.

Wata yarinya tun ranar farko ta ce, "Malam, Babanmu ya hana zana abu mai rai." Ban ja da ita ba. Sai ga ta yau da zayyana irin ta allon saukar yayanta, murabba'i cikin murabba'i, ja da kore da ruwan ɗorawa, layukan a miƙe kamar da zare ta auna.

Amma wanda ya hana ni sukuni wani yaro ne ɗan cikin birni da ke zama can baya. Ya ce bai yi ba. Na karɓi littafin da ke gabansa don in rubuta wa mahaifinsa saƙo, ashe na lissafi ne, ina juya bangon sai ga aska takwas da biro. Cikakkiya. Askokin sun sauko daga wuya zuwa aljihu, kowace ta tsuke a baki daidai da 'yar'uwarta, ga tambari a gefe ya naɗe ba tare da layi ya hau layi ba, kuma babu alamar gogewa ko ɗaya. Ni da na yi shekara huɗu a sashen zane a Samaru, ba zan ja wannan da'irar ba sai da abin awo.

"Kai ka yi wannan?"

"Malam, a yi haƙuri, wasa nake yi. Ai wannan ba zane ba ne, ɗinki ne."

Ashe mahaifinsa ne ke zana wa masu ɗinkin hannu a jikin shadda kafin su sa allura, shi kuma tun yana firamare yake riƙe masa yadin, yanzu har wuyan rigunan yara ake bar masa. A wurinsa zane shi ne kwalba da lemo a kan teburi da inuwarsu, abin da muke koya musu saboda jarrabawa. Laifin namu ne, ba nasa ba.

Na ajiye darasin na ba su labarin 1958. A nan garin, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai, cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce za su ɗauki dabarar Turawan da ke koyar da su, amma abin zanawa daga gida zai fito. Okeke ya koma wa zanen uli na matan Ibo. Abin da ke ci mini rai, dukkansu baƙi ne a Zariya, mu 'yan gida har yau muna wuce ta gaban aikin Babban Gwani a tsohon masallacin Juma'a, wanda ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, ba ma ɗaga kai mu dubi bakan gizon rufin. Na tambaya wa ya taɓa shiga ya gani, hannu uku kawai na ƙirga.

Bayan an tashi yaron ya biyo ni har inda na ajiye babur. Yana sosa ƙeya ya ce, "Malam, to in na yi babba a kwali, za a ba ni maki kamar na kowa?" Na ce ya tambayi Babansu ko zai yarda mu zo da 'yan ajin ranar Asabar mu ga yadda yake zanawa a zaure. Ya ce Baba ba ya son hayaniya, amma zai gwada.

Gobe zan biya kasuwar Sabon Gari in sayo kwali ko guda goma ne, daga aljihuna kamar kullum. Ban gaya wa uwargida ba tukuna.