Keken da na ɗaga yau a Nima

Yau na leƙa unguwar Nima da ke Accra duba wani keken tsere na hannu, irin siraran nan masu ƙirar yanka iska. Jikinsa aluminiyam, giyar Shimano, kuɗin ma da sauƙi. Mai shagon ya ce, "Maigida, ɗaga ka ji." Ina ɗagawa sai jikina ya yi sanyi, ya fi yadda na zata nauyi. Ni kuwa hawan tudun Aburi da ke kusa da Accra ne a raina, kuma a tudu nauyi ke wahalar da mutum, ba iska ba. Ga siririyar taya mai faɗin milimita 25, ga ramukan layinmu.

Amma shuɗin fentin nan, wallahi! Na ce masa sai Asabar. Har yanzu ban tantance ba, gudun nake so ko dai a gan ni a kansa.