Zuciyar Kawuna da Maganin Tsinka Jini

Tun da likita a Garwa ya tabbatar cewa bugun zuciyar kawuna ya rikice, hankalina bai kwanta ba, domin wannan cuta tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. Jini yakan daskare a wata 'yar jaka da ke ɗakin sama na hagun zuciya, sannan gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Amurka ta amince da na'urar Watchman mai toshe jakar tun 2015, amma an fi sanya wa waɗanda maganin tsinka jini ke jawo musu zubar jini. Kawu maganin tsinka jini mai suna warfarin yake sha, kuma gwajin jini akai-akai da kuɗin mota daga ƙauye suna ba mu wahala, amma ba na barin sa ya tsallake shan maganin ko kwana ɗaya.