Talata cikin Afrilu: jiniyar da ke kuka da azahar babu gobara

Damagaram, tsakiyar bazara.

Aikin yau a wata mangaza ne bayan Kasuwar Dole, inda ake ajiye katifu, barguna da dilolin atamfa. Kukan Alhaji mai wurin ɗaya ne: kwana goma ke nan jiniyar gobara tana tashi tsakanin azahar da la'asar, a ruga a duba, ko warin hayaƙi babu. Maigadi ya gaji, ya zare wayar jiniyar ya naɗe bakinta da leda. Alhaji ya ce ko a gyara ko a ciro kayan gaba ɗaya. Na ce, ranka ya daɗe, a ba mu zuwa la'asar, rana ce za ta nuna mana ciwon.

Ƙarfe takwas muka buɗe akwatin da ke kula da na'urorin jin zafi da ke manne a rufi, wanda masu sana'a a nan ke kira santiral. Layi uku ne a jikinsa: na mangaza, na ofis da ɗakin maigadi, sai na ɗakin janareta. Fitilu duk kore. Amma da leƙawa na ga abin da ban so ba. A kowane layi an ɗaure ƴar rezistans, wato ƴar abar da ke rage gudun lantarki, ta om 4,700 a nan cikin akwatin, kan kusoshin da waya ke fita. Wurinta ba nan ba ne. Sunanta ma rezistans ta ƙarshen layi, a gindin na'ura ta ƙarshe take zama.

Dalilin shi ne akwatin ba ya ganin wuta, ba ya jin zafi, ƙarfin lantarkin da ke bin waya kawai yake aunawa. Yana tura kusan volt 24 cikin layi, lantarkin ya ratsa gindin kowace na'ura, ya bi ta rezistans ɗin can ƙarshe ya dawo. Volt 24 a kan om 4,700 kusan miliamfa 5 ke nan, kuma muddin akwatin na ganin wannan ya san waya lafiya take. In wata na'ura ta ji zafi, sai ta haɗa wayoyin biyu ta wata ƙaramar rezistans, galibi ta om 470, lantarkin ya haura zuwa miliamfa gomomi, akwatin ya ce gobara. In ya faɗi zuwa sifiri, waya ta tsinke. In ya yi yawan da ya wuce kima, wayoyi sun taɓa juna. Hali huɗu, da waya biyu kacal. To wanda ya ɗaure rezistans cikin akwati ya rufe masa ido: ɓera zai iya cinye wayar mangaza kaf, fitila na nan kore. Na sa yarona ya kwance waya ɗaya daga na'urar farko don Alhaji ya gani da idonsa. Akwatin bai ce uffan ba. Muka mayar da rezistans ukun inda ya dace, muka sake kwance wayar, nan take fitilar ɗorawa ta kama, ƙaramar ƙara ta tashi. Kowane kamfani da adadin da yake so, wani 3,900, wani 6,800, a duba rubutun jikin murfi kafin a saya.

A ofis mun tarar da wani kuskuren irinsa. An feɗe tsakiyar waya an lanƙwasa ta ƙarƙashin kusa ba tare da an yanke ba. In ta zame daga kusar, na'urar ta fita daga aiki amma layin bai tsinke ba, akwatin ba zai sani ba. Yankewa ake yi, mai shiga daban, mai fita daban. Kuma ba a yi wa layi reshe, daga wannan na'ura sai waccan har ƙarshe, kamar carbi.

Da hantsi, kafin rana ta take, yaron ya ce, maigida, wai me ke cikin kan na'urar nan da har yake jin zafi? Akwai matattu biyu a jakata, sai muka fasa su a inuwa.

Tsohon yayi na da faifan ƙarfe biyu manne da juna, tagulla a gefe guda, baƙin ƙarfe a ɗaya gefen. Kowane ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, amma ba daidai ba. Sandar tagulla mai tsawon mita ɗaya tana ƙaruwa da kusan milimita 0.019 a kowane digiri, ta baƙin ƙarfe kusan 0.012. Tunda an haɗe su ba mai barin wani, dole faifan ya tanƙware ta wajen baƙin ƙarfen. An yi shi da ɗan ƙundu kamar murfin gwangwani, shi ya sa ba ya tafiya sannu sannu, yana kai iyakarsa sai ya ɓalle lokaci guda, ƙas, ya danna bakin waya biyu. In ya huce ya koma yadda yake. Akwai ɗan'uwansa da ake riƙe sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya mai turowa, da ɗigon narkakken ƙarfe, haɗin dalma da kuza da wasu, wanda ke narkewa a ƙayyadadden zafi ya saki sifirin. Shi wannan sau ɗaya yake aiki, daga nan sai sabo. Dabarar ba ta yau ba ce, tun 1890 Francis Upton, abokin aikin Edison a Amurka, ya yi rajistar ƙararrawar gobara ta lantarki.

Na zamani ba abin da ke motsi a cikinsa. Ɗan ƙwallo ne kamar ƙwayar dawa, tarmistans, wanda turjiyarsa ga lantarki ke raguwa in ya ɗumama. Irin wanda aka fi samu yana da om 10,000 a digiri 25, ya sauko wajen 5,300 a digiri 40, a digiri 60 kuwa wajen 2,500. Ƴar da'irar da ke ciki tana gwada wannan da ma'aunin da aka sa mata, in ya ƙetare ta kunna jar fitila ta sanar da akwati.

Sai iri na biyu, wanda saurin hawan zafi yake dubawa, kusan digiri 8 cikin minti ɗaya. A tsohon yayi ɗan ɗaki ne na iska mai fatar ƙarfe siririya kamar ta kalangu, da wata ƴar huda da ido da ƙyar ke gani. In zafi na hawa a hankali, iskar da ta kumbura tana sulalewa ta hudar. In ya hau farat ɗaya, hudar ba ta isa, fatar ta turo ta haɗa waya. A na zamani tarmistans biyu ne, ɗaya a fili ɗaya a lulluɓe, ratar da ke tsakaninsu ake aunawa. Wannan ƴar huda ita ce mai fenti ke kashewa. Na ofis guda biyu an shafe su da farin fenti tare da rufin ɗakin, na rubuta su cikin waɗanda za a canza. Fenti yana toshe huda, yana kuma zama wa ƙwallon riga.

Tun ƙarfe takwas na rataye ma'aunin zafi santimita 10 ƙarƙashin kwanon mangazar, dab da na'ura ta tsakiya. A lokacin 33 ya nuna. Ƙarfe biyu na rana muka hau tsani. A inuwar waje 43, cikin mangaza daidai kafaɗa 46, ƙarƙashin kwano 59. Muna saman tsanin jar fitilar ta kama.

Na ciro kan na juya bayansa: A1R. Wannan rubutu daga ƙa'idar Turai ce mai lamba EN 54-5, kuma shi ne duk labarin. Ajin A1 yana tashi tsakanin digiri 54 da 65, kuma an yi shi ne don wurin da zafinsa na yau da kullum bai wuce 50 ba. Ajin B yana tashi tsakanin 69 da 85, yana jure zama har 65. Ajin C tsakanin 84 da 100, yana jure har 80. Harafin R na nufin yana duba saurin hawa ma, S kuwa na nufin saurin hawa kaɗai ba ya ruɗarsa. Wato na'urar Alhaji ba ta lalace ba, ba ta kuma yi ƙarya ba. An ce mata in kin ji 58 ki yi kuka, kwanon Damagaram ya ba ta 59. Da aka kafa ta cikin sanyin Disamba kowa ya yaba, bazara ce ta tona asirin. A ganina wannan ne babban kuskuren da ake yi a ƙasarmu: a sayo abin da aka ƙera wa ofishin Turai a liƙa shi ƙarƙashin kwano ba tare da an auna komai ba. Ƙa'idar Amurka ta ce na'ura ta ɗara zafin rufin mafi tsanani da aƙalla digiri 11. A haɗa 59 da 11, an shiga ajin B.

Na zaɓi BR ga mangazar, kuma R ɗin na da muhimmanci a nan. Daga 33 zuwa 59 cikin awa shida, rana ba ta ƙara ko kashi ɗaya cikin goma na digiri a minti. Ba yadda za a yi ta ruɗi mai jiran digiri 8 a minti. Katifa kuwa in ta kama, cikin ɗan lokaci zafi ke turnuƙe sama, na'urar za ta yi magana tun ba a kai 69 ba. Ɗakin janareta akasin haka ne. Da aka tada injin aka rufe ƙofa, zafi ya yi tsalle cikin mintuna kaɗan, saman salansa ya kai 68. Can R fitina ce, CS ake sawa. Haka ma kicin da gidan burodi, inda buɗe tanda ɗaya ke watso zafi.

Maigadi ya kawo shawara, ya ce Malam, me zai hana a sauko da su ƙasa da igiya, tunda ƙasa ya fi sanyi? Tunani ne mai kyau amma ba ya yi. Iskar gobara tana hawa ta bugi rufi ta bazu a jikinsa, shimfiɗa ce marar kauri. Ƙwallon mai jin zafi ya zauna tsakanin santimita 2.5 da 15 daga rufin, in ya sauka fiye da haka zafin ya wuce ta samansa. Abin da ya halatta shi ne kada a ɗaure gindin a jikin kwanon kansa, a sa ɗan katako tsakani don kada ƙarfe ya miƙo masa zafi kai tsaye. Maganin gaske kuwa filafon ne, wato silin a ƙarƙashin kwano, ko tagogin shan iska a saman bango, kuma na faɗa wa Alhaji haka.

Yawansu ma bai kai ba. Mangazar mita 15 ce a 22, an sa uku a jere. A ƙa'idar Ingila kada wani lungu ya yi wa na'urar zafi nisan da ya wuce mita 5.3, alhali ta hayaƙi tana kai 7.5. Ko da lissafin hayaƙi ma uku a jere ba su isa ba. Shida ake bukata, jeri biyu na uku uku, kowace ta bar bango da aƙalla rabin mita. Rufin nan kusan a miƙe yake, da mai tozo ne sai jerin farko ya bi ƙololuwa. Uku na BR nake da su a hannu, na sa su, sauran sai an kawo daga Kano.

Ɗakin maigadi ne ya fi tsaya mini a rai. Na'urar zafi aka sa masa, a inda mutum ke kwana. Gobarar dare sau da yawa ci take a ɓoye, tabarma ko katifa na fitar da hayaƙi tsawon lokaci ba tare da rufi ya ɗumama ba, kuma hayaƙin ne ke fara kashe mai barci. Na'urar zafi dukiya take tsaro. Na san dalilin da ya sa ake gudun ta hayaƙi a nan, ƙurar hunturu na shiga cikinta ta sa ta kukan banza. Amma maganin wannan tsafta ne, a busa ta lokaci lokaci, musamman bayan hazo ya wuce. Ban bar wurin ba sai da ta hayaƙi ta hau ɗakin nan.

Da la'asar sakaliya muka yi gwaji, bayan an mayar da wayar jiniya an kuma sanar da maƙwabta. Da na'urar busar da gashi ake yi, a riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga kan, har jar fitila ta kama. Ba ashana, ba kyandir, harshen wuta na narkar da robar ya bar baƙi a ƙwallon. A jira kan ya huce kafin a danna maɓallin mayar da akwati, in ba haka ba zai sake tashi. Mai narkakken ƙarfe kuwa ba a gwada shi da zafi sam, sai dai a haɗa bakin wayarsa a ga ko akwatin ya amsa.

Batir ya zo a ƙarshe. Biyu ne masu volt 12, amfa-awa 7, a jere. Da wutar gari mita ta nuna 27.4, abin sha'awa, amma wannan cajar ce ke magana. Da muka yanke wutar muka tada jiniya, ba a yi minti biyu ba suka faɗi ƙasa da 20, ɗaya ma cikinsa ya kumbura. Akwatin nan yana cin kusan amfa 0.1 yana zaune, awa 24 ke nan amfa-awa 2.4. Jiniya biyu suna cin rabin amfa, rabin awa ke nan 0.25. A haɗa, a ƙara rubu'i don tsufa, an sami 3.3, wato sabon mai 7 ya wadatar. Zafi ne ke cinye su, duk digiri 10 sama da 25 yana raba kwanan batir irin wannan kusan biyu, ga kuma akwatin a bangon yamma da rana ke duka har magariba. Mun canza biyun tare, don tsoho na jan sabo ƙasa, na rubuta kwanan wata a jikinsu. A gefen akwatin na manna takarda da lambar ƴan kwana-kwana, 18, domin jiniyar nan mutanen unguwa kawai take tasa, ba ta kiran kowa.

Ma'aunin zafin na bar shi rataye inda yake, irin mai riƙe adadi mafi girma ne. Watan Mayu na tafe, ina son in ga ko ƙarƙashin kwanon zai kusanci 65. In ya kai, maganar filafon ta zama dole kafin a ƙara sauran ukun. Jibi ƙarfe biyu zan koma in karanta.