Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kuɗin Forfe

Makon jiya na tsaya a komawata gidanmu na Birni bayan na fita takaba. Na so in wuce zuwa auren Auta, amma maganar boks ɗin nan ta tokare mini wuya, sai na fitar da ita.

Ƙanenmu na Tamanrasset ne ya saya wa Inna boks ɗin wifi, irin wanda ake sa wa pis kamar na salula, don ta riƙa ganinsa ta WhatsApp. Duk wata yana aiko da jika goma na forfe, wato kuɗin intanet, ta hannuna, tunda ni ce ƴar boko a gidan. Yaya ya ce shi ne babba, a ɗakinsa boks zai kwana. Ya ɗora shi kan kabad ɗin ƙarfe, can ƙuryar ɗaki, matarsa ta lulluɓe shi da kyalle saboda ƙura.

Ba a jima ba kira ya fara tsinkewa. Fuskar yaro ta tsaya cak a salula, Inna tana ta "alo, alo" har ta gaji. Rannan bayan la'asar Yaya ya tsaya a tsakar gida, gaban matansa da ƴaƴansa, ya ce: "Ke, kuɗin forfen nan ana sa su kuwa?"

Ni! Ni da na tsufa da alli a hannu, ban taɓa cin dalar ɗan kowa ba. Marigayi Baba, wanda ya sha wahalar ruwan Damagaram tun yana yaro, yakan ce: "Kafin ka zagi rijiya, duba gugarka." Yaya ya ji wannan magana kafin a haife ni, amma ba ta shige shi ba.

Washegari na tafi kasuwar Dole wurin wani tsohon ɗalibina mai gyaran salula. Ya ce: "Madam, hanya biyu ce. Akwai rezo da ke zuwa daga antena zuwa boks, akwai wifi da ke tashi daga boks zuwa salula. Ki fara gano wadda ta toshe." Ya ce in duba fitilun boks: in fitilar rezo ta yi ja ko ta ragu, daga waje ne ko kuma boks ya shige lungu. In kuwa a kusa da shi komai na tafiya amma a ɗakin Inna babu, to bango ne. Na gwada, bango ne. Wanda ya san gidajen Birni ya san kaurin ginin ƙasarmu, ga ƙofofin ƙarfe, ga rufin kwano, ga tankin ruwa a tsakani. Kuma boks ɗin wifi iri biyu yake fitarwa, mai 5 da mai 2.4. Mai 5 ya fi gudu amma ba ya iya bango, mai 2.4 ya fi ratsawa. Ɗan Yaya ya ɗora salular Inna kan mai 5, wai ya fi tsada.

Inna da kanta ta sa baki aka fito da boks rumfa, aka rataye shi sama, ba kyalle. A watan Afrilu, da zafi ke wuce 40, in ya ɗauki zafi sai in zare shi rabin minti in mayar, ya dawo hayyacinsa.

Na tuna da Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta yanke mana kuran. Ni na cire kuɗina na sayi ƙaramin batir mai volt 12 da pano, boks bai ƙara mutuwa ba ko gari ya yi duhu. A lokacin babu wanda ya tambaye ni daga ina kuɗin suka fito. Amma na riga labari, wannan daga baya ne.

Abin da ya rage shi ne forfe da ke ƙarewa tun wata bai raba ba. Yaya ya sake ɗaga gira. A ƙasan boks akwai takarda mai lambobi da suka fara da 192.168, na buga su a salula kamar yadda ɗalibin nan nawa ya koya mini, sai ga jerin duk wanda ke jan wifi ɗin. Sun ninka salulolin gidanmu. Samarin fada da ke shan shayi a ƙofar zaure ne, kuma babban ɗan Yaya ne ya raba musu kod, suna kallon ƙwallon Turai da kuɗin Inna. Gugar Baba a ɗakin Yaya take tun farko.

Na sauya kod, na kira Yaya gefe, ba gaban matansa ba kamar yadda ya yi mini, na nuna masa jerin. Ya duba, ya ce: "To, madalla." Shi ke nan. Har Inna ta koma ga Allah bai ce mini "yi haƙuri" ba, kuma har yau da nake rubutun nan bai ce ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, auren Auta da rigimar lefe.